Darasi na 23: Sesh, dabbar teku mai tawada

Yara, dukanku kun san hawainiya. Kun ga yadda take canza launin jikinta a hankali, a hankali. To, a cikin teku akwai wata dabba da ta fi ta gwaninta nesa ba kusa ba. Kafin ku ƙifta ido ta koma launin rairayi, kafin ku sake ƙiftawa ta yi zane-zane baƙi da fari. A Faransanci sunanta la seiche, ana faɗin «sesh». Hausa ba ta raɗa mata suna ba, domin ƙasar Hausa ba ta da teku. Daga Yamai zuwa Kotonu, inda teku yake, tafiyar ta haura kilometir 1000. Za mu iya ce mata kifin tawada, amma ku lura: sesh ba kifi ba ce. Ba ta da ƙaya, ba ta da ƙashin baya. Danginta su ne katantanwa da dodon koɗi, wato dabbobi masu taushin jiki.

Kada ku ce abin ya yi mana nisa. Shekaru wajen miliyan 90 da suka wuce, teku ya rufe wani ɓangare na ƙasar Nijar. Har yau a Damargu, wajen Tanut, ana tsintar duwatsu masu naɗi kamar ƙahon rago. Ba duwatsu ba ne tun asali. Ɓawon wasu dabbobin teku ne da suka ƙare, ana ce musu amonit, kuma dangin sesh ne na can da.

Mu dubi jikinta

Jikin sesh shimfiɗaɗɗe ne, kamar ƙaramar matashin kai. Wata fata siririya ta kewaye shi kamar lafin riga. Da ita take iyo a hankali, gaba ko baya, ko ta tsaya cak wuri guda. Hannuwanta ba a kafaɗa suke ba, a kai suke, sun kewaye baki. Ku ƙirga: 8 ne, kowane da jerin abubuwan tsotso masu manne wa duk abin da suka taɓa. Bayan su akwai wasu dogaye guda 2 da take ɓoyewa cikin aljihu a ƙarƙashin idanu. In ta hangi jatan lande sai ta matso sannu, ta auna, ta harba dogayen nan biyu kamar walƙiya, ta jawo shi. A tsakiyar hannuwan akwai baki mai ƙarfi irin na aku, wanda ke fasa ɓawon ƙaguwa.

A ƙarƙashin kai akwai bututu. In ta tsorata sai ta cika cikinta da ruwa, ta feso shi da ƙarfi ta bututun, ta zabura da baya. Ku riƙe wannan zabura a ranku, za mu koma kanta.

Zuciyarta 3 ce. Biyu suna tura jini wurin da take shaƙar iskar da ke cikin ruwa, ta ukun tana tura shi sauran jiki. Jinin kuwa ba ja ba ne, shuɗi-shuɗi ne. Namu ja ne domin akwai sinadarin baƙin ƙarfe a ciki. Nata na jan ƙarfe ne. Ƙwayar idonta ma ba zagaye take ba kamar tamu. In akwai haske, kamar harafin W take.

A cikin bayanta, ƙarƙashin fata, akwai wani farin ƙashi guda ɗaya tak, mai siffar kwalekwale. In kuka ɗauke shi za ku yi mamakin rashin nauyinsa. Cike yake da ƙananan ɗakuna, jeri bisa jeri. Wasu ɗakunan iska ce a ciki, wasu ruwa. In sesh tana son ta nutse sai ta ƙara ruwa a ɗakunan, ta yi nauyi. In tana son ta taso sai ta janye ruwan. Ta haka take tsayawa a tsakiyar ruwa ba ta gaji ba. In ta mutu, ƙashin ya kan taso, igiyar ruwa ta kawo shi gaɓa. Yaran Kotonu da Lome da Dakar suna tsintarsa a bakin teku. Ana rataya wa tsuntsayen keji su riƙa saransa, domin yana ƙarfafa ƙashinsu da ɓawon ƙwansu. Maƙeran azurfa kuma suna sassaƙa siffar zobe a jikinsa, su zuba narkakken ƙarfe.

Sai tawada. Ku kuna haɗa taku da baƙin tukunya ko gawayi da ƙaro. Ita a cikinta take yin tata, tana ajiye ta cikin ƴar jaka. In babban kifi ya taso mata sai ta watsa tawadar. Wani lokaci ta bazu kamar hayaƙi. Wani lokaci ta dunƙule wuri guda kamar siffar sesh ɗin kanta, kifi ya kai wa dunƙulen cafka, ita kuwa ta yi fari fat ta gudu. Mutanen da sun yi rubutu da zane da wannan tawada. Launinta in ta bushe ruwan ƙasa ne mai duhu, shi ne Turawa ke kira sepiya har yanzu.

To, yaya take canza launi? A cikin fatarta akwai ƙananan jakunkuna masu ɗimbin yawa, wasu da launin rawaya, wasu ja, wasu baƙi-baƙi. Kowace jaka tana da ƴan tsokoki kewaye da ita. In tsokokin sun ja, jakar ta buɗe, launin ya bayyana. In sun saki, ta tsuke ta zama ɗigo, launin ya ɓace. Ƙwaƙwalwa ce ke ba da umurni kai tsaye, shi ya sa abin ba ya kai sakan guda. Tana ma iya tada fatarta ta yi ƙuraje-ƙuraje kamar dutse ko ciyawar ruwa. Abin mamaki, masana sun gano idonta ba ya bambanta launuka kamar namu. Haske da duhu da siffar abu take gani sosai, da su take kwaikwayon wurin da ta kwanta.

Kuma tana da wayo. A shekara ta 2021 wata mai bincike, Alexandra Schnell, ta ba da labarin gwajin da ita da abokan aikinta suka yi da sesh 6. Aka ajiye musu abinci iri biyu: yankin nama da za su iya ɗauka nan take, da jatan lande mai rai, wanda suka fi so, amma sai sun jira. In suka ɗauki na farko, sun rasa na biyu. Sai suka koyi jira, daga sakan 50 har zuwa 130. Ku da ake ajiye wa ƙosai a ce ku jira, sakan nawa kuke yi?

Yadda ake gane iri-irinsu

Da farko kada ku rikita ta da ƴan uwanta biyu. Kalmar, le calmar, jikinsa dogo ne kamar ƙwarƙwaron masaƙa, fiffikensa suna can wajen ƙarshe, kuma maimakon farin ƙashi wani abu ne siriri kamar gashin tsuntsu a bayansa. Pulp, le poulpe, hannu 8 ne kawai gare shi, jikinsa kamar jaka, ba ƙashi ko kaɗan. In kun ga fata ta kewaye jiki duka, da farin ƙashi mai kauri, to sesh ce.

Akwai sesh fiye da iri 100. Suna zaune a gaɓar tekun Afirka, da Turai, da Asiya, da Ostareliya. A gaɓar Amurka babu su. Mai son gane iri ya kan tambayi abu uku: daga wane teku ta fito, ina iyakar girmanta, wane zane take yi. Ana auna jiki ne kawai, ba a haɗa kai da hannuwa.

Wadda aka fi sani ita ce ta Bahar Rum da gaɓar Turai, masana suna ce mata Sepia officinalis. Jikinta ya kan kai santimetir 20 zuwa 30, manya su wuce 40. Lokacin aure namiji yana yin zane baƙi da fari kamar jakin dawa. Tana son ruwa mai sanyi. Tana da wata ƴar uwa a Afirka ta Yamma, Sepia hierredda, wadda ta kan kai santimetir 50. Ita ce masuntan Senegal da Muritaniya ke kamawa da yawa, ana sayar da ita har ƙasashen waje. Su biyun sun yi kama ƙwarai, har an daɗe ana ɗaukar su iri ɗaya. Sai an duba ƙashin da abubuwan tsotso na dogayen hannuwa kafin a raba su.

Babbar cikinsu duka tana kudancin Ostareliya. Nauyinta ya kan wuce kilo 10. Kowace shekara, daga watan Mayu zuwa Agusta, dubbansu suna taruwa kusa da garin Wayala domin yin ƙwai. Maza sun fi mata yawa, sai faɗa. Ƙaramin namiji da ba ya iya karawa da manya sai ya yi dabara: ya tattare hannuwansa, ya ɗauki launin mace, ya wuce ta gaban ƙaton ba a gane shi ba.

Akwai kuma ƙanana. Ɗaya ana ce mata mai ado, la seiche flamboyante. Ba ta wuce santimetir 8 ba. Ba ta cika iyo ba, tafiya take bisa laka da hannuwa biyu da wasu tsoka biyu na ƙasan ciki. In ba abin da ya dame ta, launin ƙasa gare ta. In an tsokane ta sai ta kunna rawaya da ja da fari, suna gudana a bayanta kamar igiyar ruwa. Ɗayar kuma ta tekun Filipin da Indonesiya ce, masu kiwo suna ce mata bandensis. Wajen santimetir 7 take. Da rana tana ɓuya tsakanin duwatsun murjani, da dare ta fito farauta. Ita ce aka fi kiwo a gida.

Kiwon sesh a akwatin gilashi

A wasu ƙasashe mutane suna ajiye dabbobin teku a gida cikin akwatin gilashi, l'aquarium. Kiwon sesh yana cikin mafi wuya. Ba kamar tarwaɗa ba ce da za ku jefa a randa ta kwana lafiya.

Aikin farko shi ne ruwa. A kowane litir na ruwan teku akwai gishiri wajen garam 35. Wani zai ce, ai muna da gishirin Bilma, mu jiƙa mana! Ba zai yi ba. Gishirin teku gauraye ne da wasu sinadarai da yawa, kowane da gwargwadonsa, kuma jikin dabbar yana buƙatarsu duka. Mai kiwo yana sayen gishiri da aka haɗa musamman, ya narkar da shi cikin ruwan da aka tace sosai, ya auna da ma'auni. Ruwan pampo haka nan ba ya yi, domin akwai maganin da ake zubawa a ciki. Abin da ya fi kome haɗari shi ne jan ƙarfe. Ga shi cikin jininta, amma in ya narke cikin ruwan da take zaune, ko ɗan kaɗan ne, sai ya kashe ta. Saboda haka ba a sa ta a akwatin da aka taɓa zuba maganin kifi mai jan ƙarfe.

Kullum ruwa yana raguwa, domin zafi yana ɗauke shi sama. Ku yi tunani: me ya tashi, me ya rage? Ruwa ne ya tashi, gishiri yana nan. Ashe in za a cika akwatin, ruwan daɗi ake ƙarawa. Wanda ya ƙara ruwan gishiri, kullum akwatinsa ƙara ɗaci yake, har dabbar ta galabaita.

Ba a haɗa ruwa yau a sa sesh gobe. Kashinta da ragowar abincinta suna ruɓewa su ba da guba mai warin tsohon fitsari, ana ce mata amoniyak. Akwai wasu ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, masu zama a jikin duwatsu da rairayi, su ne ke cinye gubar. Sai an bar akwatin yana aiki ba kowa a ciki, sati 4 zuwa 6, kafin su yi yawa. Nan ne masu gaggawa ke asara. Bayan haka ma, kowane sati ana kwashe wajen kashi ɗaya cikin goma na ruwan, a zuba sabo.

Girman akwati ya danganta da iri. Bandensis guda ɗaya tana buƙatar fiye da litir 100. Ta Bahar Rum kuwa, da ke fitowa daga ƙwai kamar ƙwayar gyaɗa, cikin ƴan watanni ta fi tafin hannu, tana buƙatar ɗaruruwan litir. Shi ya sa gane iri yake da muhimmanci tun kafin saye. Jariran duka kama suke, wanda bai tambaya ba zai wayi gari da dabbar da ta fi ƙarfin akwatinsa. Zafin ruwa ma ya bambanta. Bandensis tana son wajen digiri 25. Ta Bahar Rum tana son 15 zuwa 20, sai an haɗa mata injin sanyaya ruwa irin na firigo.

Kun tuna zaburar da take yi da baya? A teku akwai fili. A akwati kuwa gilashi ne a bayanta. In aka ƙwanƙwasa gilashin, ko aka kunna fitila farat ɗaya, sai ta zabura ta bugu. Fatar ƙarshen jikinta ta fashe, wani lokaci har ƙashin ya tsage, gyambon kuma da wuya ya warke. Ga tawadar da za ta watsa. A teku sai ta baje ta ɓace. A akwati ruwan zai yi baƙi ƙirin, ya hana ta numfashi. Dole a tace shi da gawayi na musamman, a canza wani ɓangare nan da nan. Don haka ana ajiye akwatin wuri mai natsuwa, a shimfiɗa rairayi mai laushi da za ta binne kanta, a sa duwatsu marasa kaifi.

Ba a haɗa ta da kifaye. Ƙanana za ta cinye su, manya su za su cije ta. In abinci ya yi ƙaranci, babbar sesh ta kan cinye ƙarama.

Abincin shi ne babban kashe kuɗi. Jariri ba ya kallon abin da ba ya motsi. Sai an kawo masa ƴan mitsi-mitsin jatan lande na teku masu rai, sau biyu ko uku kowace rana. In ya girma ana iya koya masa cin wanda aka daskarar, a soke a tsinke ana motsa shi kamar mai rai.

Duk wannan wahala, zaman ba mai tsawo ba ne. Sesh tana rayuwa shekara 1 zuwa 2 kawai. Mace tana manna ƙwanta ɗaya bayan ɗaya a jikin ciyawa ko reshe. A iri da yawa tana shafe su da tawada su yi baƙi, su taru kamar nonon inabi, shi ya sa Faransawa ke ce musu raisins de mer, inabin teku. Bayan ta gama ƙwai ba ta daɗewa sai ta mutu, namiji ma haka. Wanda ya sayi babba da aka kamo daga teku, mai yiwuwa tsohuwa ya saya, saura mata ƴan makonni. Gara a sayi ƙwai daga masu kiwo. Sun fi jure tafiya, kuma ba a rage na teku ba. Mai ado kuwa, a ganina, a bar wa manyan gidajen kallo masu ma'aikata dare da rana.

A garuruwanmu fa? A watan Afrilu zafin Yamai yana wuce digiri 40. In wutar lantarki ta ɗauke, injin tura ruwa ya tsaya, injin sanyi ya tsaya, iskar cikin ruwa ta ragu. Cikin ƴan awoyi dabbar ta mutu. Jatan lande mai rai kuma yana can bakin teku. Ban ga dalilin kawo ta nan ta sha azaba ba, don kawai a yi kallo. Dabba ce mai jin zafi. A shekara ta 2022 ƙasar Birtaniya ta sa ta, da ita da kalmar da pulp, cikin dokar dabbobin da aka yarda suna jin ciwo. Wanda Allah ya kai shi Kotonu ko Dakar, ya je kasuwar kifi da safe, zai gan ta. Ya roƙi mai kifi ƙashi guda ya kawo wa ajinsu.

Kalmomi

la seiche: sesh, kifin tawada
l'os de seiche: ƙashin sesh
l'encre: tawada
l'eau de mer: ruwan teku
l'eau douce: ruwan daɗi
la crevette: jatan lande

Tambayoyi

1. Me ya sa muka ce sesh ba kifi ba ce?
2. An kawo muku dabba mai hannu 8, ba ƙashi a bayanta. Sesh ce?
3. Ruwan akwati ya ragu. Wane ruwa za a ƙara? Don me?
4. Akwati yana cin litir 120. In kowane litir yana da gishiri garam 35, kilo nawa ne gishirin duka?
5. Ku nuna a taswira: Senegal, Bahar Rum, Indonesiya, Ostareliya.

Mu gwada

Ku narkar da gishiri cokali babba 2, a shafe, cikin ruwa litir 1. Ku ɗanɗana da kan harshe: kusan haka ruwan teku yake. Ku zuba kaɗan a faranti ku ajiye a rana. Gobe ku rubuta a kaye abin da kuka tarar.

Ku nemi ƙaramin buteli na gilashi mai marfi. Ku rufe shi ba kome a ciki, ku sa a bokitin ruwa. Ku ciro, ku zuba ruwa kaɗan, ku rufe, ku mayar. Ku yi ta ƙarawa kaɗan-kaɗan har ya kusa nutsewa, sa'annan ku koma ɗigo-ɗigo. Wane rukuni ne zai sa butelinsa ya daɗe a tsakiyar ruwa, bai taso ba, bai kai ƙasa ba?

Ga malam: a raba karatun kwana biyu, a tsaya kafin kiwo. A bar yara su yi gardama kan tambaya ta 3 kafin su ga faranti, kada a ba su amsa.